Abin da Muka Ɓoye wa Baƙuwar Zamalek

Hayyin Ashir, Alƙahira

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin yi salla, kin ci wani abu. Allah Ya tsare ki a shigarki da fitarki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba, Ya kau da idon mugu daga kanki. Na cusa ta ne a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin hijabai, don kada ki gan ta sai kin isa Yola. Kin san ni, in ina gaban allo bakina ba ya hutawa. Amma a gabanki, ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata, akwai maganar da harshena ya kasa ɗagawa shekara da shekaru. Shi ya sa na koma ga biro.

Ba zan ba ki labarin gida ba, jiya-jiya kika bar shi. Maganar aikinki zan yi. Kin ce za ki riƙa shiga wurin mutanen da rikici ya koro daga garuruwansu, ki tambaye su abin da suke bukata, ki kuma yi tafinta in baƙi sun zo daga ƙasashen da gwamnatocinsu ke ba da kuɗin agaji. Ranar da kika faɗa mana Abbanku ya yi ta murna, ni ma na yi, kin gani. Abin da ba ki gani ba shi ne daga baya na shiga kicin na daɗe a tsaye ban kunna wuta ba. Wannan aikin na taɓa yin ƙaraminsa a nan unguwarmu, na kuma ɓata shi da hannuna. Kin san rabin labarin, domin a gabanki aka yi, kina zuwa jami'a a Giza kina dawowa. Sauran rabin ne nake so ki sani kafin ki shiga gidan mutum na farko.

Kin tuna ɗakin da ke ƙasan makarantarmu, wanda yanzu mai gadi ke tara karyayyun kujeru a ciki. Kusan shekara guda kafin juyin da aka yi a Masar a farkon 2011, Ustaz Magdi ya zo ya same ni. Shi ne Bamisiren nan mai sanƙo da ke aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira. Ya ce wata gwamnati a Turai ta ware kuɗi don shirin ko-ta-kwana, wato a tanadi abinci da magani tun kafin masifa ta zo. Tunda 'ya'yan Hausawan Sudan nake koyarwa, iyayensu kuma sun yarda da ni, yana so in riƙe na unguwarmu. A wurinsa na fara sanin yadda kuɗin ke tafiya. Daga babban birninsu yake zuwa hannun wata babbar ƙungiya, ita ta miƙa wa su Ustaz Magdi, su kuma su miƙo mana, kowane hannu yana cire na haya da na mota da na albashi. Abin da ya iso gare mu ya sayi firji ɗaya, da buhunan shinkafa da na adas, ƙananan waken nan, da mai, da akwatin ɗaurin rauni, da allurar masu ciwon suga. Na bi gida-gida ina rubuta inda akwai tsoho, inda akwai mai ciki, inda akwai wanda ba ya kwana ba magani.

Dariya aka yi mini sosai. Wadda ta fi kowa ita ce Hajja Asha, tsohuwar nan da ta zo daga Nyala, mai ciwon suga, wadda kike kai wa kunu. Duk ta gan ni da makulli sai ta ce, "Ustaza, kin tara shinkafa kin kulle, mu muna cin dafaffen waken ful safe da yamma. Sai mun mutu za a dafa ta a sadakar uku?"

In ce, "Hajja, ai don ranar wuya ce."

Ta ce, "To yau ranar me ce? Sallah?"

Sai ga ranar ta zo. Aka rufe bankuna, aka katse waya, ofisoshin agaji suka kulle, aka kwashe ma'aikatansu baƙi a jirgi. Matanmu masu aikin shara da wanki a gidajen masu hali aka ce kada su zo. Layin burodi ya kai ƙarshen titi. Muka buɗe ɗakin. Da takardar nan da na rubuta muka riƙa bi, gida bayan gida, har abubuwa suka lafa. Babu wanda ya kwana da yunwa a cikin waɗanda na rubuta, Hajja Asha ba ta tsallake allura ko ɗaya ba. Ta zo karɓar shinkafarta tana cewa ashe ba sai ta mutu ba.

A nan na fara kuskure, ban ma san na yi ba. Na ɗauka abin da muka yi ya isa ya yi wa kansa magana. Ban rubuta komai ba a kwanakin nan, ban zauna da mace ko ɗaya na ce ta gaya mini abin da za ta ciyar da 'ya'yanta ba don ɗakin nan ba. Da aka zo neman shaida daga baya, abin da nake da shi kawai shi ne babu wanda ya mutu, wannan kuwa ba a iya ɗaukarsa a hoto a aika Turai. Saboda haka, Ummi, duk ranar da tanadi ya yi amfani, ki zauna a ranar ki rubuta. Wace ce, me ta samu, ina za ta nufa da ba ta samu ba. Kada ki bari sai an huce, domin in an huce mutane sukan manta sun taɓa jin tsoro.

Bayan wasu watanni Ustaz Magdi ya kira ni. Ya ce wata ma'aikaciya daga ofishin jakadancin ƙasar nan, wanda ke unguwar Zamalek, za ta zo ta ga ɗakin da mutanen, kuma abin da ta rubuta shi zai sa a sabunta mana tallafin ko a tsayar. Har ya ƙara da cewa, "Ku bar komai yadda yake, ya Ustaza. Kada ku gyara komai."

Na ce masa tamam, na ji. A zuciyata kuwa cewa na yi wannan bai san mu ba. Baƙuwa za ta tako ƙafa daga Zamalek har Hayyin Ashir, matar da gwamnatinta ta ciyar da mu a ranar wuya, sannan mu tare ta a kan tsohuwar tabarma? Na tara mata a makaranta, ban ma gama bayani ba kowa ta fahimta. Kwana uku muna shiri. Aka aro kafet daga gidan wasu ɗalibai 'yan Najeriya, aka aro kujeru masu laushi, aka shafa wa bango fenti. Mata suka ciro lafayar da suke ajiye wa biki, aka yi lalle, aka kunna turaren wuta tun daga matakala. Hajja Asha ta kawo kaji huɗu, daga baya na ji 'yan kunnenta ta sayar. A lokacin akwai wani ɗan miki a babban yatsanta na ƙafa da ya ƙi warkewa. Ta sa safa, ta ari rufaffen takalmi ta matsa ƙafar a ciki. Ni na ce mata ya yi kyau.

Baƙuwar ta zo da hantsi. Yarinya ce, ba za ta girme ki da yawa ba, da alamar gajiya a fuskarta, da ɗan littafi a hannu. Ta cire takalminta a bakin ƙofa ba wanda ya ce ta cire. Yara suka yi mata waƙar maraba da na koya musu. Aka jera mata kisra, siririyar wainar Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa, da soyayyun kaji, da zoɓo mai sanyi. Ta ci kaɗan, ta yaba, sannan ta buɗe littafinta ta ce tana so ta ji daga bakin babbar cikinmu. Aka nuna mata Hajja Asha. Ni ce tafinta.

Ta tambaya yaya rayuwa, me suka fi rasa.

Hajja ta ce, "Alhamdulillahi, 'yata, muna cikin rufin asiri. Ba mu rasa komai ba. Ustaza, ce mata ta ƙara kaza."

Na fassara kamar yadda ta faɗa.

Ta sake tambaya, to magani fa?

"Akwai. Ustaza na ba mu."

In aka rufe ɗakin ajiyar, me zai faru da ita?

Hajja ta yi murmushi ta ce, "Allah na nan."

Wannan ma na fassara. Baƙuwar ta juyo ta dube ni ta ce, ke fa, me kika gani? Ummi, ƙofa ce ta buɗe mini, na gane haka ko a lokacin. Amma mata ashirin na zaune sun zuba mini ido cikin kwalliyarsu, turare na tashi, ga kaji a faranti. Sai na ji bakina yana cewa mu mutane ne masu riƙe juna, ba ma barin namu ya faɗi. Da alfahari na faɗa. Ta rubuta.

Da muka raka ta mota, Ustaz Magdi ya tsaya a matakala ya ce mini a hankali, "Ya Ustaza, bikin wa muka zo?"

Na ce, "Haka muke karɓar baƙo."

Ya ce, "Na sani. Ita ce ba ta sani ba. Ma'alish, sai haƙuri."

Ban ga laifin yarinyar nan ba har yau, kada ke ma ki gani. A makon da ta zo mana, ta je kan iyakar Masar da Libiya, inda mutane ke kwana a kan yashi ba rumfa. An ba ta wurare da yawa an ce ta jera su, wa ya fi wa matsuwa. Ta ga mutane a ƙasa a can, ta ga kafet da kaji a nan, ta tambaya sau uku an ce mata lafiya. Me za ta rubuta? Ni ce na san cewa Bahaushe ba ya kuka a gaban baƙo, ni ce na san abin da ke cikin takalmin nan. Ba a ɗauke ni don in juya kalma daga wannan harshe zuwa wancan kawai ba, ko ƙamus zai iya wannan. In aka ce miki alhamdulillahi, ki fassara shi, haƙƙin mai magana ne. Amma ki ƙara da naki, ki ce wa baƙon a wurinmu haka ake amsawa ko an kwana uku ba a ɗora tukunya ba. Kuma in kika shiga wuri kika ga an yi shara an shimfiɗa sabon abu, ki tambayi kanki daga ina aka aro.

Takardar amsarsu ta zo bayan wata biyu, cike da yabo. An ce mu al'umma ce da ta tsaya da ƙafarta, abin koyi ga wasu. A layin ƙarshe aka ce ba za a sabunta ba. Ustaz Magdi ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Majalisarsu shekara-shekara take ware kuɗin, kowane kuɗi kuma da sunan da aka ɗaura masa, ba a juya shi zuwa wani abu. Sunan bana kan iyakar Libiya ne. Da aka shiga wata shekara sunan ya koma na mutanen Siriya, su ma kuwa bayin Allah suna cikin bala'in da ya fi ƙarfin baki. Ya ce in za a rage, kuɗin tanadi ake fara yankewa, saboda masu shi ba su fara kuka ba tukuna, mutanen ƙasar da ake karɓar haraji a hannunsu kuma abin da suka gani a talabijin shi suke tambayar gwamnatinsu a kai.

Yanzu na zo inda ya fi yi mini nauyi. Ban gaya wa matan ba.

Da wane baki zan ce musu kafet ɗinmu da kajinmu ne suka rufe ɗakin? Da wane ido zan dubi matar da ta sayar da 'yan kunnenta? Duk wadda ta tambaya sai in ce ana kan magana. Shinkafa ta ƙare na ce sabuwa na hanya. Allurar Hajja na ci gaba da saya daga albashina, da ya gaza na roƙi ɗaliban nan 'yan Najeriya, da su ma suka gaji sai na fara ce mata ta ɗan rage, an samu jinkiri. Firjin ban kashe shi ba. Na cika shi da gorunan ruwa na bar shi a kunne, don duk mai wucewa ya ji ƙararsa ta bayan ƙofa ya san muna da ajiya. Kusan shekara biyu ina wannan. Ina gaya wa kaina wai ina kare musu kwanciyar hankali, ina kuma rubuta takardun neman tallafi ina aikawa duk inda na ji an ce akwai. Abbanku ya ce mini sau biyu in faɗi gaskiya. Na ce masa sai na samo madadi.

Kin tuna zafin Agustan 2013, lokacin da aka toshe hanyoyin yankinmu na Madinat Nasr aka sa dokar hana fita, muna jin harbi daga nesa, motocin haya suka daina shigowa unguwa. Kemis ɗin kusa da mu duk suka rufe. A rana ta uku, bayan la'asar, ina makaranta sai ga Hajja Asha ta dafa kafaɗar Mariyama, maƙwabciyarta da suke raba kicin ɗaya. Ƙafarta ta kumbura har ba ta shiga silifa. Amma da tsiyarta ta shigo.

"Ustaza, ɗauko makullin nan naki. Ranar wuyarki ta sake zagayowa."

Na tsaya. Ta ce, "Yalla mana, ƙafar nan ba ta son tsayuwa."

Na buɗe. Babu buhu ko ɗaya, sai katakon da muke ɗora su a kai. Ta wuce ni ta buɗe firjin da kanta. Ta daɗe tana kallon gorunan ruwan. Sannan ta rufe shi a hankali kamar mai tsoron kada ya lalace.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Da kin faɗa mini, da na kira ɗan ƙanena a Jidda. Da na je na rubuta sunana a asibitin masu sadaka, ko layin shekara ne da yanzu ya zo kaina."

Mariyama ta juya da ita suka fita. Kafin mu samu motar da za ta kai ta asibiti an ƙara kwanaki, asibitin kuma cike yake da masu rauni. Da layi ya zo kanta likita ya ce ba abin da za a yi sai a yanke daga ƙasan gwiwa. Wannan kin sani, ke kika riƙa kai mata abinci. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa ni ban iya zuwa ba sai da aka yi mako biyu.

Ummi, in labari mara daɗi ya zo hannunki, a ranar za ki isar da shi. In an ce an tsayar da rabon abinci, in an ce asibitin tafi-da-gidanka ba zai dawo ba, ki je ki faɗa da bakinki kafin rana ta faɗi, ko za a zage ki, ko za a tofa miki yawu. Talaka yana da hanyoyinsa da ke ba ki sani ba, yana da ɗan ƙane a wani gari, yana da abin da zai sayar, yana da inda zai koma. Amma ba zai taɓa su ba muddin yana jin ƙarar firjinki. Ni kunyata na kare, na sa mata sunan tausayi.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Bara wani ofishin jakadanci dabam ya aiko mutum, namiji, tare da mai ɗaukar hoto. Na ce wannan karon ba za a maimaita ba. Na hana mata shara, na hana turare, na ce ko ruwa kada a kawo. Na ɗauki baƙin kai tsaye zuwa ɗakin Hajja Asha ban aika an sanar da ita ba, don kada ta gyara. Muka same ta a kan katifa da zanen gida, ba mayafi, kwanon da ta ci abinci na gefe. Ta ga maza biyu baƙi a kanta, ta fara laluben abin rufe kai. Ni kuwa ina ta zuba bayani da Turanci, ga abin da yanke tallafi ya jawo, ga shaida. Sai na sunkuya na yaye zanen daga kan dungulmin ƙafar da hannuna.

Ta dube ni ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ustaza, ko shayi ba za a ba su ba?"

Mai hoto ya durƙusa yana gyara na'urarsa.

Ta ce, "Rufe ni."

Sai da ya ɗauka na rufe ta.

Kuɗi ya zo kuwa wannan karon. Amma sunan da aka ɗaura masa horarwa ne. Na tambaya ko za a iya sayen allura da wani ɓangare, ko ƙafar roba, aka ce dokarsu ba ta yarda ba, in ba a kashe shi a kan horarwa ba sai a mayar. Kwana uku muka yi a wani otal ana koya mana yadda al'umma ke shirya wa masifa, ana kawo shayi da kek sau biyu a rana. A bakin zauren an kafa wani babban kyalle mai tambarin gwamnatin da ta biya. Hoton da ke jikinsa na Hajja Asha ne, kanta ba ɗankwali. Kwana uku ina wucewa ta gabansa.

Tun daga ranar tana amsa gaisuwata, ba ta taɓa ƙi ba. Amma ta daina yi mini tsiya. Ke da kika san ta kin san abin da wannan ke nufi.

Kada ki tona asirin mutum don ki cece shi. Ki nemi izini kafin ki shiga, ki ba mace lokacin ɗaura ɗankwalinta, in an ce za a ɗauki hoto ki gaya mata inda za a kafa shi, in ta ce a'a, khalas, shi ke nan. Za a matsa miki, za a ce ba a samun kuɗi sai da hoto mai sa kuka, wataƙila ma gaskiya ne. Ni na ba da hoton, kin ga abin da ya saya.

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ba ta da ƙarfi a kan wannan aiki. Shekara ashirin ina gaya wa yara cewa in ka yi magana a fili, da hujja, da ladabi, za a saurare ka. Yanzu in na faɗa a aji sai in ji muryata ta yi rauni. Na ɓoye mun rasa, na tona mun rasa. Sau da yawa ina tunanin ko da na yi komai daidai ranar farko, wataƙila an riga an gama yanke hukunci a wani ofis mai nisa tun kafin yarinyar nan ta cire takalminta a ƙofarmu. Za ki ga irin wannan a Yola. Yanzu idon duniya ya ɗan juyo wajenku, motoci za su zo da tutoci. Wata rana wuta za ta kama a wata ƙasa, su tafi, mutanen da kika rubuta sunayensu su zo su tsaya a gabanki, domin ke ce mai jin yarensu, ke ce ba ki da jirgin da zai kwashe ki. Ban san abin da za ki ce musu ba. Ban ce kada ki je ba, ko da wanda ya tafi dole a samu wanda ya tsaya, kuma na fi so ya zama mai tsoron Allah. Ina dai so ki shiga da idonki a buɗe.

Ranar Talatar da ta wuce na je na gaya wa Hajja Asha za ki tafi. Na same ta tana tsince adas a tire. Na faɗa mata irin aikin. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Naki za ta gada ke nan."

Na ce, "Shi ne, Hajja."

"Allah Ya sawwaƙe."

Ta ci gaba da tsinta, har na ɗauka ta gama. Can ta ce, "Baturiyar nan ta farko, mai cire takalmi. Da Mariyama ta tambaye ni, yaya Mariyama take, da na gaya mata komai. Da na gaya mata kwana nawa suke yi ba su kunna wuta ba, da yadda take jiƙa busasshen burodi ta ba yara. Da kuma ta ja Mariyama gefe ta ce yaya tsohuwar nan take, da Mariyama ta ce mata a cire takalmin nan a duba. Mutum ba ya faɗin nasa, Ustaza, na maƙwabcinsa yake faɗa. Ke da kika yi karatu har Masar ba ki san wannan ba?"

Na sani, Ummi. A cikinsa aka haife ni a Zariya. Haka mahaifiyata take sanin gidan da za a kai wa tuwo, ba ta taɓa tambayar masu gidan ba. Littafin rubutu na shigowa ɗaki na manta da shi, na zauna ina jera tambaya da amsa kamar yadda baƙuwa ta tsara. Da na tuna, da an karɓi baƙuwa da kaji yadda ya kamata, Hajja ta yi alhamdulillahinta ba wanda ya kunyata ta, gaskiya kuma ta fita ta bakin Mariyama. Ko za ta canza inda kuɗin ya nufa, Allah kaɗai Ya sani. Amma da yarinyar nan ta koma Zamalek da abin da yake akwai a littafinta.

Wannan shi ne abin da nake da shi da zan ba ki, kuma ba nawa ba ne. In kin shiga wurin mutanenmu, ki gaisa, ki zauna, ki ci abin da aka ba ki, ki karɓi lafiya lau ɗinsu da hannu biyu. Sannan ki tambayi kowace mace halin da ta kusa da ita ke ciki.

Kafin in tashi na ce, "Hajja, ki yafe mini."

Ta kaɗa tiren, ta hure ƙaiƙayin da ke kai. Ta ce, "Ki gaida Ummi. Ki ce ta riƙa cin abinci."

Na jira ko akwai saura. Babu.

Allah Ya kiyaye mini ke a hanya da masauki, Ya tsare ki daga harsashi da ciwo da sharrin mutum, Ya sa ki zama sanyi ga waɗanda za ki tarar, Ya hana ki cutar da kowa da niyyar alheri. Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki riƙa kiran Abbanku ko a taƙaice, ba zai ce yana jira ba amma yana jira. In kin yi sujada ki sa Hajja Asha a addu'a, ki roƙa mata lafiyar ƙafar da ta rage. Ni kuma ki roƙa mini Allah Ya sassauto da zuciyarta kafin ɗayanmu ya riga ɗaya.

Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Mahaifiyarki,
Rabi